Saƙar Safa Mai Ado da Yadda Ake Daidaita Ta da Ƙafa

Bahaushe kan ce "saƙa" ga aikin masaƙin zane, ya kuma ce "saƙa" ga aikin mace mai riƙe da zaren ulu. Kayan aikin ne ke bambanta su: akwai saƙar kwarashi, akwai ta kibiya. Ni da na koyi Hausa da girma, wannan ya daɗe yana rikita ni. A kan ta kibiya zan yi bayani, musamman safa mai ado na launi biyu.

Wannan sana'a tsohuwa ce. Daga cikin saƙar kibiya mafi daɗewa da aka gano akwai safunan auduga na ƙasar Masar, masu adon fari da shuɗi, waɗanda aka saƙa wajen ƙarni na 11 zuwa na 13.

Dalilin rubutun nan kuwa shi ne kakata, wadda sanyin hunturu ke damun ƙafafunta. Mako uku na yi ina saƙa mata safa. Da na kai mata, sai dunduniya ta ƙi wucewa. Ta ce, "Jikata, ado kam ya yi, amma ƙafar wa kika auna?" Dole na warware.

Ga inda matsalar take. Idan ana saƙa da launi biyu, zaren da ba a aiki da shi yakan bi ta bayan saƙar har a zo kansa. Wannan zaren ba ya miƙewa, don haka safa mai ado ba ta buɗewa kamar marar ado, ko da yawan madaukansu ɗaya ne. (Madauki nake kiran kowane zagayen zare da ke kan kibiya.) Maganinsa shi ne a riƙa baza madaukan a kan kibiya kafin a ɗauko ɗaya launin, ko a ƙara kaurin kibiya a wurin adon, misali daga milimita 2.5 zuwa 2.75. Wasu kan juya safar ciki ya koma waje su saƙa ta haka, don zaren ya bi doguwar hanya.

Sai awo. A fara saƙa ɗan gwaji da adon kansa, a ƙirga madaukai nawa ne a santimita 10. A ce 32 ne, zagayen ƙafa kuma santimita 22. Akan rage kusan kashi 10 cikin 100 don safar ta kama ƙafa, ya zama 20, wato madauki 64. Idan adon yana maimaituwa bayan madauki 8, an dace, domin 8 na raba 64. To amma ƙafar kakata 24 ce, lissafi ya ba ni 69. Ba a yanka ado a tsakiya, sai na ɗauki 72, tunda ƙafarta kan kumbura da yamma. Da ƙafar siririya ce, da na bar 64 na ƙara madauki biyu marasa ado a kowane gefe.

Awon da na manta da farko shi ne wanda ya zagaye dunduniya ya bi ta saman ƙafa a gicciye, wurin da ya fi ko'ina faɗi. Yanzu da zarar na saƙa kamar santimita 5, sai in mayar da madaukan kan wani zare in sa ta gwada, kafin in ci gaba.