Ɗaukar Kiɗan Karkara a Ƙasashen Waje

Ɗaukar sauti a fage shi ne mutum ya ɗauki na'ura ya je ya tarar da makaɗa a garinsu, ya naɗi kiɗansu a inda suka saba yin sa, ko a gona, ko a dandali, ko a ƙofar fada. Aikin ya girmi rediyo. Tun a 1900 aka kafa taskar sauti a Balin ta Jamus, inda matafiya suka riƙa kai abin da suka naɗo a kan faifan kaki mai siffar gwangwani. Kowane faifai minti biyu zuwa huɗu kawai yake ɗauka, ga saurin fashewa, zafin rana kuma yana lalata shi.

Wanda ya fi yin fice a wannan aiki a Afirka shi ne Hugh Tracey, Baturen Ingila da aka haifa a 1903. Ya yi shekaru yana ratsa kudanci, tsakiya da gabashin nahiyar da motoci cike da kaya, har da janareta, wadda akan ajiye nesa a ja doguwar waya don kada ƙararta ta shiga faifai. Makirufo kuwa a hannu yake riƙe shi, yana matsar da shi daga bakin mawaƙi zuwa kayan kiɗa. A 1952 ya naɗi Jean Bosco Mwenda, mai kaɗa jita ɗan Kwango, wanda sunansa ya zaga duniya daga baya. A 1954 ya kafa taskar ILAM a Afirka ta Kudu, jerin faya-fayensa na Sound of Africa kuma ya kai 210.

Nauyin kaya ya ragu sosai da fitowar rikodar Nagra ta Stefan Kudelski a Suwizalan, musamman samfurin 1958 mai aiki da batir, wanda mutum ɗaya ke iya ratayawa a kafaɗa. A irin wannan zamani ne David Ames ɗan Amurka ya zauna a ƙasar Zazzau, ya naɗi kiɗan Hausa, sannan shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Rikodar yau ba ta wuce tafin hannu ba, amma wahalar fage tana nan. Iska ce babbar abokiyar gaba, domin ko 'yar kaɗan ta bugi makirufo sai ta binne muryar mawaƙi, shi ya sa ake sa masa riga mai gashi. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan na'ura, laimar damina kuma tana sa makirufo ƙara. Ganga tana danne molo da murya, don haka wurin da aka tsaya ya fi tsadar na'ura muhimmanci, kuma dole mai ɗauka ya kasance da abin sauraro a kunne tun daga farko har ƙarshe. Inda babu lantarki ana tafiya da batura masu yawa da faifan sola. Kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a sa baturan litiyam na ajiya a kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi, sai a jakar hannu. Akwai kuma kwastan, da takardar izinin bincike da ƙasashe da dama ke nema.

Duk wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Baƙo ba ya faɗawa gari ya kunna na'ura. Yana fara gaida mai gari, ya sami tafinta, ya bayyana inda sautin zai je, a yi jinga kan abin da za a ba makaɗa. Wani kiɗan ma ba a yin sa sai da dalili: tambari na sarki ne, kiɗan bori yana da nasa sharuɗɗa. Idan aka sa makaɗi ya yi irin wannan don baƙo kawai, abin da za a samu ba zai kai na ranar biki ba. Wajibi ne kuma a rubuta sunan mawaƙi, garinsu, rana, da ma'anar waƙar, domin faya-faye masu yawa na zamanin mulkin mallaka sunan ƙabila kaɗai ke jikinsu, kuma wannan rashin adalci ne ga masu fasahar.

Batun haƙƙi ya fi kowanne ciwo. Hugo Zemp ya naɗi wata mata mai suna Afunakwa a tsibiran Solomon tana waƙar rarrashin yaro. A 1992 wasu mawaƙan Faransa da ake kira Deep Forest suka ɗora muryarta a kan kiɗan zamani, faifan ya yi kasuwa a duniya, alhali ba a nemi izininta ba. Irin wannan ne ya sa masu aikin yanzu suke naɗar amincewar mawaƙi da bakinsa, su bar masa kwafi a waya, su kuma raba kuɗin ciniki. Taskar ILAM ma ta fara mayar da sautukan Tracey garuruwan da aka ɗauko su, ciki har da na Kipsigis a Kenya, waɗanda ya naɗa a 1950.