Littafin Da Ba Ya Rufa Wa Malalaci Asiri

Daga Wakilinmu Na Arewa

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san ba a rasa mai laɓewa gindin bishiya sai an kawo fura. To, haka abin yake ga ɗaliban da ke koyon rubuta manhajar kwamfuta. Malami kan haɗa su huɗu ko biyar ya ba su aiki guda, maki kuwa a raba daidai. Kowa da nasa kwafi a filashi. Wannan ya gyara, wancan ya zo ya rubuta a kai, aikin mako biyu ya salwanta ana gobe za a miƙa.

Maganin abin shi ne wata manhaja mai suna Git, wadda Linus Torvalds, mutumin Finland, ya ƙirƙiro a 2005 don masu aikin Linux. Kamar littafin bashi na ɗan kasuwa take. Duk gyaran da ɗalibi ya ajiye sai ta rubuta sunansa, da lokaci, da layukan da ya taɓa. In an yi ɓarna a koma ga na jiya. Kowa yana iya buɗe reshensa ya yi aiki, daga baya a haɗe. In mutum biyu sun canza layi ɗaya, ba ta zaɓa musu; sai ta tsaya ta nuna duka biyun, su zauna su daidaita. A nan ne fa sababbin shiga kan yi gumi.

Abin da ya fi burge ni, ganin halin wutarmu, kowane ɗalibi yana da cikakken tarihin aikin a kwamfutarsa. Ba ya bukatar intanet sai zai tura wa abokansa, galibi ta GitHub, wanda aka buɗe a 2008, Microsoft kuma ya saye shi a 2018.

Amma malamai su lura. Yawan ajiya ba shi ne yawan aiki ba. Kuma yaron da ba shi da kwamfuta, ya yi nasa a ta abokinsa, sunan abokin ne littafin zai ɗauka in ba a canza ba.

Ku iyaye na Agege da Sabo a Ibadan, in ɗanku ya ce a ƙara kuɗin data don aikin rukuni, ku ce ya buɗe tarihin ya nuna muku sunansa.