Gishirin Jikin Yara da Haɗarin Rikicewar Ma'auninsa

Jikin ɗan Adam galibinsa ruwa ne. A jikin baligi ruwan nan yakan kai kimanin kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa, a jikin jariri sabon haihuwa kuwa yakan kai wajen kashi 75. A cikin ruwan akwai waɗansu nau'o'in gishiri narkakku, manya daga cikinsu su ne sodiyam da fotasiyam. Da su ne jijiyoyi ke aika saƙo, da su ne kuma zuciya ke bugawa. Kowannensu yana da iyakar da ba a so ya ƙetare. A kowace lita ta ruwan jini, bisa awon da likitoci ke kira milimol, sodiyam yakan tsaya tsakanin 135 da 145, fotasiyam kuwa tsakanin 3.5 da 5. Da zarar ɗayansu ya yi nisa da wannan iyaka, ko ta sama ko ta ƙasa, ran yaro na cikin haɗari.

Yara sun fi manya saurin faɗawa cikin wannan hali, domin ajiyar jikinsu kaɗan ce, ƙodar jariri ba ta gama ƙwari ba, ba ya kuma iya tashi ya ɗebi ruwa da kansa. Babban musabbabi a ƙasar Hausa shi ne gudawa da amai, musamman da damina sa'ad da kwalara kan ɓarke. Sau da yawa iyaye kan ɗauka zawon haƙori ne, su yi ta jira. Alamun bushewar jiki kuwa a fili suke: idanu su zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ragu, fatar ciki in an tsunkule ta ta daɗe ba ta koma ba. Yaron da ya yi laƙwas, ko ya kasa sha, ko ya kama jijjiga, ba a kwana da shi a gida.

Abin lura shi ne, ƙarancin gishiri da yawansa duka kisa suke yi. Idan yaro mai gudawa ya yi ta shan tsurar ruwa ba tare da gishiri ba, sodiyam ɗin jininsa kan ragu, ruwa ya kwarara cikin ƙwaƙwalwa ta kumbura, sai jijjiga da suma su biyo baya. Idan kuwa aka dama masa ruwan gishiri da sukari aka cika gishirin, ko aka ɗura masa kanwa, wadda ita ma sodiyam ne ya yi mata yawa, to, ƙwaƙwalwar ce za ta tsotse. Irin wannan yaro yakan yi ƙishirwa mai tsanani da kuka mai ƙara. Ko a asibiti a hankali ake sauko da sodiyam ɗin, cikin kamar kwana 2, domin gaggawa a nan kan kumbura ƙwaƙwalwa.

Shi kuwa fotasiyam, aikinsa ya fi shafar tsoka da zuciya. In ya zube tare da gudawa, sai gaɓoɓi su saki, ciki ya kumbura, bugun zuciya ya rikice. In kuma ƙoda ta daina tace jini, sai ya taru ya yi yawa, har ya iya tsai da zuciya farat ɗaya. Yaro mai tamowa shi ne ya fi kowa wuyar sha'ani, gama jikinsa yana da rarar sodiyam da ƙarancin fotasiyam. Saboda haka akwai wani haɗi na musamman da ake ba shi, ba a kuwa yi masa ƙarin ruwa ta jijiya sai in jininsa ya kasa zagawa, don kada zuciyarsa ta gaza.

Maganin da ya fi ceton rayuka ya samo asali ne daga binciken da ya nuna cewa hanji yana tsotse sodiyam tare da sukari, ruwa kuma ya bi su, ko da ana cikin gudawa. A shekarar 1971, lokacin yaƙin Bangladash, kwalara ta auka wa 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari kuma ya yi ƙaranci. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa shayar da majinyata ruwan gishiri da sukari, mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka rage sodiyam ɗin haɗin daga milimol 90 zuwa 75 a lita. A 2004 kuma suka ƙara da shawarar ba da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba.

Ka'idar gida mai sauƙi ce. Ƙunshin da aka yi don lita 1 a narkar da shi duka cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, uwa kuma ta ci gaba da ba da nono. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba. Wanda jikinsa ya bushe ƙwarai kuwa, ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata nan take, kimanin mililita 100 ga kowane kilo na nauyinsa, cikin awa 6 ga ɗan ƙasa da shekara 1, awa 3 ga wanda ya fi haka.

Nauyin wannan al'amari bai tsaya kan likita kaɗai ba. Ma'aikacin da ke kula da famfo da rijiyar gari, da wanda ke tabbatar da cewa ƙunshin gishiri da zinki ba su yanke a ɗakin shan magani na ƙauye ba, da ɗalibin da zai koma gida hutu ya koya wa ƙannensa mata awon lita, kowannensu yana da hannu cikin ceton yaron da ba zai taɓa sanin sunansa ba.