Bayani Ga Iyaye Kan Dandalin Wasan Yara Na Intanet Da Kamfanonin Kayan Wasa Ke Kafawa

Ganin yadda wayar salula ta shiga gidajen karkara, har yara kan karɓi ta iyayensu domin yin wasa, mun ga ya dace mu yi wa jama'a bayani kan wani nau'in wasa da kamfanonin kayan wasan yara suka ɓullo da shi a intanet.

A shekarar 2005 kamfanin Ganz na ƙasar Kanada ya fito da Webkinz, wato 'yar tsana mai siffar dabba wadda ake sayarwa tare da lambar sirri. Idan yaro ya shigar da lambar a shafin kamfanin, sai dabbar ta bayyana a kwamfuta, ya riƙa ciyar da ita, yana ƙawata mata ɗaki da kuɗin wasa da ake kira KinzCash. A farkon lamarin, rajistar ta shekara ɗaya ce. Wanda yake son ci gaba sai ya sayi wata sabuwar 'yar tsana. Daga nan kamfanin Mattel na Amurka ya buɗe Barbie Girls a 2007, kamfanin LEGO na Denmak kuma ya buɗe LEGO Universe a 2010.

Abin lura na farko shi ne, irin wannan dandali kasuwa ce. An tsara shi ne domin yaro ya yi ta dawowa, ya kuma matsa wa iyayensa su ƙara kashe kuɗi.

Na biyu, abin da yaro ya tara a ciki yana hannun kamfani. An rufe Barbie Girls a 2011, aka rufe LEGO Universe a watan Janairun 2012, kuma duk abin da yara suka gina a cikinsu ya tafi ke nan.

Na uku, akan nemi sunan yaro da ranar haihuwarsa kafin ya shiga. A 2015 masu kutse sun sace bayanan yara sama da miliyan 6 daga kamfanin VTech na Hong Kong, wanda hukumar Amurka ta ci tarar dala 650,000 a 2018. A nan gida, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta tanadi a nemi yardar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro.

Yawancin wasannin da ke wayoyi a yau suna bin wannan tsari. Saboda haka muna kira ga iyaye da su san wasan da 'ya'yansu ke yi, su ƙayyade masu lokaci, kada su bar lambar katin banki a wayar da yaro ke riƙewa, su kuma hore su da kada su faɗa wa baƙo suna, makaranta ko unguwa. Haka nan muna roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni da shugabannin makarantu da su isar da wannan saƙo a tarurrukan iyaye da malamai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.