Adamu Halilu, ɗan Garkida da fim ɗinsa ya yi shekaru a cikin gwangwani

Matashin da ke zaune a Karewa, cikin Jimeta, yana kallon fina-finan Kano a wayarsa, da wuya ya san cewa tun kafin a ji sunan Kannywood wani ɗan jiharsa ya riga ya ɗora labarin Hausa a kan babban allon majigi. Sunansa Adamu Halilu, an haife shi a Garkida cikin 1936.

A Landan ya koyi rubuta labarin fim da tace hotuna. Ya kuma yi aikin gwamnati, a zamanin da motar majigi ke bin garuruwan Arewa da dare tana wayar da kan jama'a kan tsabta da noma. A wannan makaranta ya ƙware, kuma fim ɗinsa na 1963, Mama Learns a Lesson, daga irin wannan aiki ya fito. Daga baya ya shirya Kanta of Kebbi, ya kuma zama shugaban farko na Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, mai hedikwata a Jos.

Amma Shaihu Umar na 1976 shi ne bakandamiyarsa. Labarin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda ya rubuta a shekarun 1930 yana malamin makaranta: yaron da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin cinikin bayi, aka ƙetare Sahara da shi, ya girma ya zama malami, uwar kuwa ta bi sawunsa cikin wahala. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihun. Halilu bai yi wa labarin gaggawa ba. Ya ba shi fiye da sa'a biyu, da Hausa tsantsa, ya bar ayari da rairayi su yi nasu bayanin. An nuna shi a lokacin bikin FESTAC na 1977 a Legas.

Daga nan sai fim ɗin ya ɓace. Ba gobara ba ce, ba kuma sata ba. Ajiye shi aka yi aka manta. Faifan fim irin na da ba ya jure zafi da laima: a hankali yake narkewa, yana fitar da wani wari mai tsami, har hoton ya mutu. Littafin Firayim Minista na farko ne, kuɗin gwamnatin tarayya ne, ma'ajiyar ma ta gwamnati ce, amma aka wayi gari masu nazari suna rubutu a kan fim ɗin da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa neman tsohon fayil a ɗakin ajiya ya san yadda hakan ke faruwa.

A 2016 aka gano gwangwanayen a cikin tarin tsofaffin faifai na hukumar, bisa ƙoƙarin Didi Cheeka, mai sharhin fina-finai a Legas. Cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, ta mayar da shi na dijital da tallafin ofishin jakadancin Jamus da ke Abuja, aka kuma nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a watan Fabrairun 2018. Halilu bai ga wannan rana ba. Ya rasu tun 2001.