Minti biyu, tambaya ɗaya: Yadda ɗalibai za su tsara mabuɗin fim ɗin ɗaure kai

A kwas ɗin shirya fim da ake yi wa ɗaliban koyon aikin jarida, akwai wani aikin jinga da kan haɗa 'yan rukuni musu tun kafin a taɓa kyamara. Shi ne a shirya minti biyun farko na fim ɗin ɗaure kai, wato irin fim ɗin da ake aikata wani abu a ɓoye, mai kallo ya yi ta bin sawu har a gano wanda ya aikata. Mabuɗin kawai malami yake son gani, tare da takardun da ke nuna yadda aka tsara shi. Da jin minti biyu sai a ɗauka aikin yamma ɗaya ne. Amma fa makin mutum biyar ko shida ne ya rataya a kansa, ga kuɗin da aka tatso daga na abinci, kuma sau da yawa a nan ake ɓatawa da aboki.

A zaman farko, shawarar da aka fi kawowa kusan iri ɗaya ce. Wani zai ce a samo wuƙa, a dama zoɓo ya zama jini, a sa mutum cikin baƙaƙen kaya ya biyo yarinya a lungu, ta ƙwalla ƙara. Wannan zai iya tsorata mai kallo na ɗan lokaci, sai dai da ƙarar ta wuce shi ke nan, babu abin da ya rage masa a zuci. Abin da ke zaunar da mutum gaban fim ɗin ɗaure kai tambaya ce da aka dasa masa, wadda ba zai samu sukuni ba sai ya ji amsarta.

Masanin adabin nan na Faransa, Roland Barthes, ya yi bayanin haka a littafinsa S/Z na 1970, inda ya nuna yadda labari ke ƙulla tambaya sannan ya yi ta jinkirta amsa. Mu da muka tashi da kacici-kacici ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Mai kacici-kacici yana ba ka siffar abu ta gaskiya, ya ɓoye maka sunansa. Idan ya yi maka ƙarya a siffar, to ya ɓata wasan.

Abin da manya suka yi

Misali mafi kusa da mu shi ne October 1, fim ɗin Kunle Afolayan na 2014. Yana buɗewa da harin da aka kai wa wata budurwa ba tare da an bayyana maharin ba, sannan a nuno Sufeto Danladi Waziri, wanda marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayinsa, yana gabatar wa Turawan mulkin mallaka rahoton kashe-kashen da aka yi a garin Akote, a daidai lokacin samun 'yancin kai a 1960. Kafin ka gyara zama ka san laifin, ka san mai binciken, ka san zamanin. Sunan mai laifin kaɗai aka hana ka.

A Knives Out na Rian Johnson da ya fito a 2019, mai aikin gida ce ta ɗauko karin kumallo tana neman maigidan ɗaki-ɗaki, har ta iske gawarsa. Ba a yi doguwar magana ba. Gidan da tarkacen da ke cikinsa su suka gaya mana wane irin mutum ne mamacin.

Akwai kuma hanya ta daban. A hirarsa da François Truffaut a 1962, Alfred Hitchcock ya kwatanta mutum biyu suna hira a teburi, da bam a ƙarƙashinsa. Idan bam ɗin ya tashi ba zato, mai kallo zai razana na 'yan daƙiƙoƙi. Idan kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, duk hirar banzar da suke yi sai ta zama abin fargaba. Haka Orson Welles ya buɗe Touch of Evil a 1958: an nuna hannu yana saita bam, aka sa shi a but ɗin mota, kyamara ta bi motar sama da minti uku ba tare da yankewa ba.

Saboda haka shawarar farko da rukuni zai yanke ita ce, me mai kallo ya sani wanda mutanen cikin fim ba su sani ba? Kuma me aka ɓoye masa?

A ce wannan ne labarinku

Ba sai an je nesa ba. A ce shagon mai cajin waya ne a bakin ƙofar makaranta, da yamma. Wayoyi jere a kan katako, kowacce da lambarta. Mai lamba 17 ta fara ruri. Mai shago ya duba, sunan "Umma" ne a kan gilashin, ga kiran da ba a ɗauka ba sun taru. Ya buɗe littafinsa, ya ga kwana tara ke nan da wata ɗaliba ta kawo ta. Yana cikin dubawa sai wani mutum ya miƙo kati mai lamba 17, da bandeji a hannunsa, bai ce uffan ba. Mai shago ya dubi katin, ya dubi mutumin. Wayar ta sake ruri. A nan sunan fim zai fito.

Babu gawa a nan, babu wuƙa. Wuri ɗaya ne da 'yan wasa biyu, kuma duk wanda ya taɓa kai waya caji ya san babu mai barin wayarsa kwana tara haka kawai. Tambayar ta dasu: ina yarinyar take, kuma yaya aka yi katinta ya zo hannun wannan mutumin?

Sai dai dole rukunin ya san amsar, ko da ba za a taɓa ɗaukar sauran fim ɗin ba. A zauna a rubuta ƙarshen labarin a shafi guda. Idan mai bandejin yayanta ne da ke nemanta, to bandejin yaudara ce da aka ɗana wa mai kallo, kuma dole a san inda ya ji ciwon. Idan shi ne mai laifin, tsayuwarsa da kallonsa za su canza. Ɗan wasan da bai san ko shi ne mai laifi ba, sai ka ga yana zare ido ba dalili. Malami kuma zai tambaya ranar gabatarwa, kuma "mu ma ba mu yanke ba tukuna" ba ta kawo maki.

Aikin takarda kafin kyamara

A tsarin rubutun fim, shafi ɗaya kan ba da kimanin minti ɗaya, don haka shafi biyu ya isa. Daga nan a zana kowace ɗauka a takarda, ko da zanen 'yan firamare ne, a rubuta a ƙasa inda kyamara za ta tsaya da abin da za a ji. A irin wannan fim ɗaukar kusa ita ce jari: lambar kati, shafin littafi, yatsun da ke rawa. Abin da kyamara ta matsa kusa da shi, mai kallo zai ɗauka yana da muhimmanci, don haka kar a matsa kan abin da ba shi da aiki a labarin.

A je lokeshin kwana ɗaya kafin ɗauka, a daidai lokacin da za a yi aikin. Wurin da ke shiru da hantsi, da la'asar zai iya cika da ƙarar janareta da hon ɗin 'yan adaidaita sahu. Mai kallo kan yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba ya jure sautin da ba ya ji. Dabara mai sauƙi ita ce a ajiye waya ta biyu kusa da bakin masu magana tana naɗar murya, a tafa hannu a farkon kowace ɗauka domin edita ya samu wurin daidaita sauti da hoto. A riƙe wayar ɗauka a kwance, kar a tsaye kamar ta TikTok. Idan mutum biyu suna fuskantar juna, kyamara ta tsaya a ɓangare ɗaya na layin da ke tsakaninsu, in ba haka ba za a ga kamar sun sauya wuri.

A ware mutum ɗaya don kwantiniti. Idan bandeji yana hannun dama a ɗaukar farko ya koma hagu a ta uku, a wani fim ɗin dariya kawai za a yi. A fim ɗin ɗaure kai kuwa mai kallo zai ɗauka alama ce aka ba shi, ya bi hanyar da ba ta ɓullewa.

Abin da ya fi maki muhimmanci

Akwai abubuwan da ba a wasa da su. Ihun "ɓarawo" a titi, ko bindigar roba, ko tseren dare a unguwa na iya jawo taron da ba zai tsaya sauraron bayanin cewa fim ake yi ba. Sanya kakin ɗan sanda ba da izini ba laifi ne a doka. A karɓi takarda daga sashe, a sanar da masu tsaron makaranta, idan a cikin gari ne a je wurin mai unguwa. Mai shagon da aka ari wurinsa a gaya masa awa nawa za a ɗauka, a kuma cika alkawari.

'Yar ajin da ta yarda ta fito, a yi magana da ita tun farko kan inda bidiyon zai je. Abin da aka yi don aji, idan wani ya yanko shi ya watsa a WhatsApp, ita ce za ta amsa tambayoyi a gida. Idan kuma ana son fitar da aikin ga jama'a a Kano, akwai Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, sai a tuntuɓe ta. Kiɗan fim ɗin Indiya ko na wani mawaƙi kuwa mallakar masu shi ne, YouTube ma na iya toshe bidiyon. Rurin waya da ƙarar fanka sun ishi labari irin na shagon caji.

Bayan an gama haɗawa a CapCut ko DaVinci Resolve, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A nemo mutum uku da ba su san labarin ba, a kunna musu, kar wani ɗan rukuni ya yi bayani. Da ya ƙare a tambaye su abin da suke son sani. Idan duka ukun suka ce "ina yarinyar?", aiki ya yi. Idan ɗaya ya ce bai gane waye mai shagon ba, wani kuma ya tambayi dalilin duhun hoton, to a koma teburin edita tun ranar miƙawa ba ta zo ba.