Yadda Ake Fara Farautar Barewa da Baka a Amurka

Sabon maharbi a Amurka yakan fara ne da yankar lasisi, wasu jihohin ma sai ya yi kwas tukuna. Bakan da aka fi ɗauka shi ne mai 'yan ƙafafu masu juyawa, wanda Holless Allen ya yi wa rajista a 1969. Da an ja tsarkiya zuwa ƙarshe sai nauyin ya ragu, mutum ya yi saiti a natse.

Kada sabon shiga ya ɗauki bakan da ya fi ƙarfinsa. Ya yi ta gwaji daga yadi 20 kafin kakar farauta. Aikin yana wajen kusantar barewa, domin iska na kai mata warin mutum. Dafin da maharbanmu suka saba shafawa a kibiya kuwa, doka ta hana shi a yawancin jihohi.